Lemun Albasa

Jiya ma wata daga cikinku ta faɗa, tana tsammanin ban ji ba: "Mi ag ga sana'al lemu? Ruwa na da sukari, sai ƙanƙara." Na ji, kunnena bai mutu ba tukuna. Ban kuma ji haushi ba, don ni ma haka na ce ina da shekarunku, kuma na ɗanɗana kuɗata. Tunda kun ce koyo kuka zo, ku kife wayoyin nan ku saurara. Shekara talatin da ɗoriya ina sayar da soɓorodo a tashar Madawa, kuma abu ɗaya ne na tara wanda nake tsoron asararsa, shi ne sunana.

Aikina na farko a hannun Gwaggo Dije, ƙanwar babana da ke Buza, wankin tukunya ne. Wata huɗu ban taɓa furen soɓorodo ba. In wanke babbar tukunyar da toka, in ɗauraye sau uku, in kife ta a rana, Gwaggo ta zo ta cusa kai ciki ta shinshina, ta ce in sake. Kayan aikinta ba su da yawa: tukunyar nan, muciya guda, ludayin duma, farin ƙyallen tata, da randuna biyu da aka binne rabinsu cikin jiƙaƙƙen yashi. Amma ba wanda ya isa ya ara ko ɗaya. Muciyar da ta taɓa miya ta bar lemu har abada. Babbar abokiyar gabarta kuwa albasa ce, a ƙasar da kowace wuƙa da kowane hannu ke warin albasa. Duk ranar da na yanka albasa da safe, ranar ba ni ba ɗakin lemu. Takan ce, "Albasa ba ta da kunya, ɗiyata. In ta shiga randa, ita ɗai aka ji."

Sayen furen ma karatu ne. Mukan je kasuwar Tabotaki, ta ɗebo tafi guda ta murza a hannu. Wanda ya yi baƙi-baƙi ya bushe ƙayau shi ne nata. Wanda ya yi ja fayau yana ɗaukar ido, wannan na masu gaggawa ne, kala ba ɗanɗano. A gida mu tsince shi ɗaya bayan ɗaya, mu fitar da tsakuwa da kara, mu daka citta da kanumfari, sannan a ɗora wuta. A nan dokarta ta biyu take: abin da bai ga wuta ba, ba ya shiga randa. Ko ganyen na'ana'a ne sai ya tafasa tare da sauran. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce in na girma zan sani. Na girma ɗin, na kuma sani, amma ba ta hanyar da na so ba.

Ɗanɗanawa ita ce ƙarshe, kuma ita ce sana'ar gaba ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa ɗanɗana lemu da sanyinsa. Sai ta ɗebi kofi guda ta rufe da faifai, ta ɗora a kan katanga tun hantsi, ba za ta waiwaye shi ba sai bayan azahar, lokacin da ya yi ɗumi kamar ruwan wanka. "Sanyi munahuki na," in ji ta, "shina ruhwa asirin mugun lemu." Ta kurɓa, ta riƙe a baki, idonta a ƙasa. In bai yi ba, ba zagi ba faɗa, sai ta tuntsurar da kofin a gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gida, ta wuce abinta. In ya yi, ta shanye duka. Yabonta ke nan, ba ta da wani. Shekara biyu ina shayar da bedin nan, har ta fi duk bishiyoyin unguwar ganye. Ranar da na ga maƙogwaron Gwaggo yana motsi har ta kai gindin kofina, sai da na karɓi kofin na leƙa cikinsa don in tabbatar.

Aure ya kawo ni Madawa, na kafa tebur a bakin tasha. A nan na koyi rabin da Gwaggo ba ta koya mini ba, wato mutane. Masu lodin albasa suna son citta ta yi zafi har ta kankare musu maƙogwaro. Direbobi ba sa son sukari da yawa, wai yana sa barci. Matan Azarori in sun zo cin kasuwa sai sun ɗaga gorar sun duba ta a rana, kamar masu sayen zinariya, sannan su sayi ɗaya su sha su uku. Fasinjan babbar mota kuwa bai san ki ba, bai san Gwaggonki ba, minti biyu gare shi a taga, da ido yake saye. Tun lokacin na san kaya ba a hannun mai shi ake yanke masa hukunci ba, daga nesa ne, a idon wanda bai damu da ke ba.

Shekarar da na sayi firigo na sanyaya lemu ita ce muguwar shekarata. Kasuwa ta buɗe, kai ya fara girma, na ga kamar dokokin Gwaggo na mutanen da ba su da kuran ne, wato wutar lantarki. Wata mota ta kawo abarba daga kudu, na saya na matse, na zuba ruwanta ɗanye a cikin soɓorodon bayan na sauke, don kar wuta ta kore ƙamshin. Na ɗanɗana shi da sanyinsa daga firigo. Wallahi ya yi daɗi, har na yi wa kaina kirari. Bazara ce, aka ɗauke kuran kwana biyu, ni kuwa na kwashi gorunan na kai tasha ban sake kai ko ɗaya baki ba.

Wanda ya fara saye Illa ne, ɗan kawuna, taubashina, direba a lokacin. Yana murɗa marfin sai gorar ta yi fiss, kumfa ta taso ta wanke masa gaban riga. Ya shinshina, ya ɗaga gorar sama, ya buɗe wannan bakin nasa da ba ya da linzami: "Jama'a ku zaka ku gani! Rabi ta buɗe gidan burkutu!" Wasa yake. Tun muna yara haka muke, ya ce ni baiwarsa ce, in ce shi bawana ne. 'Yan tasha da suka san tsakaninmu suka yi dariya. Amma akwai mota cike da baƙi a tsaye, su ba su san taubashi ba, abin da suka gani kumfa ne, abin da suka ji burkutu ne. Motar ta tashi da maganar.

Kafin sati ya zagayo sunana ya koma Rabi mai burkutu. Matan da ke aiko mini aikin suna da na biki suka ɗauke ƙafa. Wata dattijuwa da muke sahu ɗaya da ita a wajen karatu ta janye tabarmarta. Na zubar da lemun duka, na koma kan dokar Gwaggo, amma wa ya saya? Magana zarar bunu ce. Shekara guda cur ruwan sanyi zalla nake sayarwa, soɓorodon kuwa in dafa kaɗan in dawo da shi gida. Illa ya zo har gida ya tuɓe hula ya ba ni haƙuri, na ce ya tafi. Ya tafi, sai dai kullum in ya sauke fasinja, ya zo ya zauna a gefen teburina ya sayi gora ya sha a idon kowa, a hankali, ya yi hamdala da ƙarfi. Da haka, ɗaya bayan ɗaya, mutane suka dawo. Na yafe masa, amma har yau in na ji wani abu ya yi fiss sai gabana ya faɗi.

To, bara kafin azumi sai ga autata Nana ta dawo daga Tawa, inda ta yi karatun sarrafa abinci. Ta zo da wani ƙaramin inji da ake juyawa da hannu yana rufe bakin gwangwani, da buhunan gwangwanaye sababbi, da damin takardun da ake mannawa a jiki. Ta yi kwana uku tana kulle kanta a ɗakin lemu. Rana ta huɗu ta kawo mini gwangwani guda a kan faranti, yana zufar sanyi.

"Inna, ki taɓa ki ji. Soɓorodonki na, amma na sa mai rumman. Daga Abzin anka kawo min shi."

Na buɗe, na zuba a kofin gilashi don in ga kala. Ja ne mai duhu, garau, ba gurɓi. Ƙamshin citta ya fara zuwa, sannan wani ƙamshi a bayansa wanda ban sani ba. Na kurɓa. Zaƙin bai yi gaba ba, tsamin soɓorodon yana nan inda ya kamata, sai can ƙarshe rumman ɗin ya ɗan kama dasashi ya saki. Ba zan yi ƙarya ba, ya fi nawa daɗi. Na juya gwangwanin. Baƙi ne, da rubutu ruwan zinariya, kuma rubutun cewa yake: Lemun Hajiya Rabi. Nana tana tsaye tana murza hannu, ta ce so take ta cika gwangwanayen duka kafin a ga wata, don a sha ruwa da su har Kaita.

Na ajiye kofin da sauran lemun a ciki. Na ce ta kawo mini gwangwani biyu. Ɗaya na sa aka ɗora a kan kwanon rufin ɗakin girki, inda rana ke dukansa tun fitowarta. Ɗayan na ƙulle a bakin zane, na ce ta biyo ni tasha.

A hannu, zanen da ke jikin gwangwanin ba shi da makusa. Ita ta yi shi da kanta a na'ura, rubutun ya zauna daidai, baƙin ya sa shi ya yi kama da kayan manyan kantuna. A tsakiya ta sa hoton rumman guda, ba a fasa shi ba, kewayayye, ja mai shuɗi-shuɗi, da ɗan tsiro a ka. Ni tun a gida na ga abin da na gani, amma na ja bakina, don in uwa ta faɗa ƙiyayya ce, in tasha ta faɗa gaskiya ce. Na dasa gwangwanin a kan teburina, na ja Nana muka koma gefe.

Illa ne ya fara zuwa, don Allah ya haɗa ni da shi a duniya. Ya tsufa yanzu, ya bar tuƙi, kamasho yake yi. Ya tsaya nesa, ya kare ido da hannu, ya ƙara matsowa.

"Rabi, abin har ya kai ku matse albasa ku saida muna?"

"Kawu, rumman na!" in ji Nana.

"Rumman? Wanda anka hwaɗi cikin karatu? Ɗiyata, mu dai sunanai munka sani. Wagga kau albasa ta, kuma mai kyau, wadda ta ƙosa."

Kafin ka ce me, masu lodi sun kewaye teburin. Wannan ya ce irin ta Galmi ce, wancan ya ce a'a, ta fi kama da ta fadamarsu, dubi wuyanta. Suka kama gardama kamar za su ɗaura mata farashi. Wata mata 'yar Allakaye ta tambaye ni cikin natsuwa ko maganin mura ne, don mijinta ya kwana biyu yana tari. Nana ta cika ta yi fam, tana ta nuna musu rubutun da ke ƙasan hoton, ta manta yawancinsu ba rubutu suke karantawa ba. A garin da yaro ke buɗe ido ya ga albasa a ɗaki, a mota, a kan jaki, duk abu kewayayye mai wannan kala albasa ne, ko da daga Aljanna aka tsinko shi. Na yi dariya har da hawaye. Amma a hanyar gida dariyar ta ƙare, don na ji tasha ta fara raɗa suna, kuma na san yadda take yi.

Rana ta uku bayan azahar na sa aka sauko da gwangwanin kan kwano. Tun kafin in buɗe na ji gindinsa ya ɗan kumburo, ba ya zama daidai a kan faranti. Na ja marfin. Fiss. Kumfa ta leƙo. Na kurɓa duk da haka, don ba a yanke hukunci da kunne. Yana nan, wannan ɗan cizon a gefen harshe, wanda na yi shekara guda ina biyan bashinsa da mutuncina. Na taka zuwa gindin bedin gidanmu na tuntsurar.

"Inna, ai cikin hirigo za a aje shi," in ji Nana. "Wa ka aje lemu bisa kwano?"

Na ce, "Gwangwani ba shi zama inda kinka aje shi. Bisa mota za shi hau, cikin rana, shi kwana shago wanda babu kuran. Rumman ɗin ya ga wuta?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗanye ta zuba shi, bayan ta sauke, don kar ƙamshin ya gudu. Kuskurena ne sak, kamar gado na bar mata. Lokacin muguwar shekarar tana goye a bayana, abin da ta sani kawai shi ne Kawu Illa ya taɓa yin wani wasa. Ranar na zaunar da ita na ba ta labarin duka, har da tabarmar da aka janye. Na gaya mata tsoro nake ji, kuma da gaske tsoro nake ji: wancan karon gora ce ba suna a jiki, wannan karon sunana ne da ruwan zinariya zai yi fiss a hannun baƙo. Na ce sunana ba zai hau wannan gwangwanin ba.

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Azumi ya zo ya wuce, gwangwanayenta na jibge a buhu, tana ji tana gani wasu na sayar da lemu da yamma. Abin ya yi mini ciwo, amma ban janye ba. Ita ma, 'yar halak, ba ta janye ba. Ta tafasa rumman ɗin tare da soɓorodo, ƙamshin ya gudu gaba ɗaya, na zuba wa bedi. Ta rage wutar, ya kumbura a kwana biyar, na zuba wa bedi. Ta koma kan littattafanta, ta dawo ta ari babbar tukunyata, wadda ban taɓa ba kowa aro ba. Ta cika gwangwanayen da zafinsu, ta rufe, sannan ta jera su cikin tukunyar ta sake dafa su a rufe, yadda ƙamshin ba shi da ƙofar fita. Wannan dabarar ba ta Gwaggo ba ce, ba tawa ba ce, tata ce.

Kwana bakwai gwangwanin ya yi a kan kwano, a tsakiyar zafi. Da aka sauko da shi sai da na sa bakin zane na riƙe. Na ajiye shi a faranti, ya zauna daram. Na ja marfin, ba fiss, ba kumfa. Na kurɓa da ɗuminsa, na riƙe a baki, ina neman cizon nan a kowane lungu na harshena. Babu. Soɓorodo ne, citta ce, sai rumman can ƙarshe yana kama dasashi yana saki. Nana ta riga ta juya tana kallon bedi. Ni kuwa na ɗaga gwangwanin ban sauke ba sai da ya ƙare. Ta karɓa daga hannuna, ta girgiza shi a kunnenta, ta kife shi, ko ɗigo bai fito ba. Ta yi murmushi. Ta san labarin kofin Gwaggo tun tana ƙarama.

Saura zanen jikin gwangwani. Nana ta sake sabo, wannan karon an fasa rumman ɗin, 'ya'yansa a fili, ba mai cewa albasa ce. Muka kai tasha da murnarmu. Mutum na farko ya juya shi ya ajiye, ya ce, "A'a, mai albasan nika so." Na biyu ya ce wannan jabu ne, na Hajiya albasa gare shi. Ashe tun ranar gardamar nan labari ya zaga, mutane na jiran su ɗanɗana lemun albasa. Illa yana gefe yana ta washe baki kamar shi ya haife mu. Dole muka koma kan tsohuwar takarda. Yau ku je Buza ko Kaita ku ce rumman, ba wanda zai gane. Ku ce mai albasa, a miƙo muku.

Ni da aka hana ni shiga ɗakin lemu don na yanka albasa, yau ko a wajen biki Hajiya mai lemun albasa ake kirana. Da Gwaggo Dije na raye da ta kama baki. Amma na amsa, kuma da daɗin rai nake amsawa. Tasha ta raɗa mini suna sau biyu, ba wanda ta yi shawara da ni. Ba ke za ki zaɓi sunan ba, abin da ke cikin gwangwanin kawai ke hannunki. Na farko ya hana ni ɗaga kai shekara guda. Na biyun, mutum yakan faɗe shi yana dariya, ya buɗe, ya shanye, ya nemi wani.

To ga tukwane can, ga toka. Wadda ta yanka albasa yau da safe ta tafi gida, ta dawo gobe. Ke kuma da kika ce ruwa ne da sukari, na ga kin zo da naki a gora. Madalla. Zuba a kofi ki rufe, ki ɗora a kan katanga, mu haɗu bayan azahar. Bedin nan ta kwana biyu ba ta sha komai ba.